Adakar Magami da Sansanin Caroy: Darasin da Tsohon Kuɗi Ke Koya wa Masu Shirya Fim Ɗinmu

Fim: Camp de Thiaroye
Shekara: 1988
Daraktoci: Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow
'Yan wasa: Ibrahima Sane, Sidiki Bakaba, Jean-Daniel Simon, Ismaël Lô
Haɗin gwiwar: Senegal, Aljeriya da Tunisiya

Na san wasu daga cikin masu bibiyar wannan fili za su ce, "Yau kuma ina aka dosa? Ga sababbin finafinai nan birjik ana ta cece-kuce a kansu, sai ka tsallake su ka ɗauko wani tsohon fim na Senegal wanda ya ma girme ka?" Kuna da gaskiya, domin kuwa lokacin da aka yi fim ɗin ko auren iyayena ba a yi ba. To amma Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ku ɗan yi mani haƙuri in faɗa maku abin da ya kai ni.

Kwanakin baya ta'aziyya ta kai ni Magami. Duk wanda ya san hanyar Gusau zuwa Ɗansadau ya san a 'yan shekarun nan ba hanya ce da ake bi don yawon shan iska ba, sai da dalili mai ƙarfi da kuma addu'a a baki. Bayan an shafa fatiha, sai wani dattijo abokin kakana ya yafito ni, ya ja ni zaurensa. Ashe shirin kwashe iyalinsa yake yi zuwa Gusau saboda halin da ake ciki, ana ta tsintar abin da za a ɗauka da wanda za a bari. Ya jawo wata tsohuwar adakar ƙarfe duk ta yi tsatsa, ya ce da ni, "Ɗana, tunda kai ka yi boko, duba man wagga adaka. Ta tsohona ta, da ita ya dawo yaƙin Bama. Wasu yara sun zo sun ce za su saye abin da ac ciki, ni kau ban san ƙimatai ba."

Na ce, "To Baba, bari mu gani."

ABIN DA NA TARAR

A cikin wani tsumma akwai kwabbai masu huji da 'yan aninai, da lambar yabo ta soja mai siffar tauraro, da ɗan littafin sallama daga aikin soja. A tsakiyar littafin kuma ga takardun kuɗi guda huɗu a kwance, sun yi laushi kamar tsohon ƙyalle. Babu ɗaya a cikinsu da za ta sayi ko ƙosai a kasuwar Magami a yau, amma kowacce da yaƙin da ta gani.

Ta farko ta sule ashirin ce, wato fam guda, ta Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda Ingila ta kafa a 1912 don ta buga kuɗi ɗaya ga Nijeriya, Gwalkwas, Saliyo da Gambiya. Ga hoton bishiyar kwakwa a gabanta, ga rubutu da baƙaƙen Larabci a bayanta, saboda Bature ya san a wancan lokaci masu karanta allo sun fi masu karanta boko yawa nesa ba kusa ba. Ita kanta takardar kuɗi yaƙi ne ya kawo mana ita, domin a 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, hukumar ta fara buga ta. Kafin nan sai silalla da kwabbai, kafin su kuma wuri.

Ta biyu rufi goma ce, an rubuta mata sunan gwamnatin Japan da Turanci, ga hoton wani wurin bauta na mabiya Buda. Wannan ita ce irin kuɗin da sojojin Japan suka riƙa bugawa bayan sun ƙwace Bama daga hannun Ingila a 1942. Ba Bama ta jihar Borno nake nufi ba, waccan ta Asiya wadda yanzu ake kira Miyanma. Sun buga su babu ƙaƙƙautawa, yawancinsu ko lambar jeri ba su da ita, sai harufan da suka fara da "B". Da Japan ta sha kashi a 1945 sai suka zama shara, sojoji suka riƙa tsinta suna tahowa da su gida a matsayin tsaraba.

Ta uku dala guda ce ta ƙasar Faransi, wato faran biyar, ta Bankin Afirka ta Yamma, mai ɗauke da kwanan watan Disamba 1942. Dattijon ya ce daga fataucin Maradi ta shigo gidansu. Abin sha'awa game da ita shi ne ba a Faransa aka buga ta ba. A lokacin Faransa na hannun Jamus, hanya ta yanke, don haka sai wani kamfanin ɗab'i na birnin Filadelfiya ta Amurka aka ba aikin. Ka ji mai mulkin mallaka da shi ma aka mallake shi, har kuɗin da zai ba talakawansa sai da ya je aro maɗaba'a.

Ta huɗu fam guda ce ta Biyafara, mai hoton kwakwa da fitowar rana. Ƙanen dattijon ne ya zo da ita, wanda ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. A watan Janairun 1968 gwamnatin Janar Gowon ta canza takardun kuɗin Nijeriya don ta kashe waɗanda ke hannun 'yan tawaye, su kuma suka mai da martani da buga nasu a ƙarshen watan. Bayan yaƙi ya ƙare a 1970, fam ashirin kacal aka ba waɗanda suka yi ajiya da kuɗin Biyafara, komai yawan abin da mutum ya tara.

Ina juya takardun nan a hannuna sai fim ɗin Sembène ya faɗo mani a rai. Ina komawa Gusau a daren na sake kallonsa, kuma wallahi sai na ga kamar ban taɓa ganinsa ba.

LABARIN FIM ƊIN

Thiaroye, wanda ake furtawa Caroy, wani gari ne a bayan birnin Dakar inda Faransa ke da sansanin soja. A watan Nuwamban 1944 aka sauke sojojin Afirka fiye da dubu ɗaya a can, waɗanda suka yi wa Faransa yaƙi, Jamusawa suka kama su suka tsare shekara da shekaru. Ana kiransu 'yan bindigar Senegal, amma sunan ne kawai, domin daga dukkan ƙasashen da Faransa ta mallaka a yankin ake ɗibar irin waɗannan sojoji, har da maƙwabtanmu na Nijar. An ce su ɗan zauna a sansanin kafin a biya su haƙƙinsu kowa ya kama hanyar garinsu.

Tun daga bakin ƙofa mai kallo zai ga alamar ba lafiya ba. Sansanin zagaye yake da waya mai ƙaya da hasumiyar masu gadi, tamkar wurin da suka baro. Sai rigimar abinci ta taso, inda aka kawo masu abin da ko kare sai ya shinshina ya kau da kai, aka kuma nuna masu cewa rabon nama ma da launin fata ake yinsa. Sai Saje Manjo Diatta, mai ilimi, mai karatun littattafai da sauraren kiɗan Turawa, wanda har matarsa Bafaransa ce, ya shiga gari aka wulaƙanta shi, 'yan sandan sojan Amurka suka karya masa hannu. Sai aka karɓe kakin Amurka masu kyau da suka dawo da su, aka mai da su cikin tsofaffin kayan sojan mulkin mallaka da jar dara. Duk wannan sun haɗiye.

Abin da suka kasa haɗiyewa shi ne maganar kuɗi. Ga bashin albashi da kuɗin sallama an ƙi biya, sannan aka ce takardun Faransa da suka zo da su za a canza masu a kan rabin ƙimarsu, har da zargin wai ba ta hanyar halal suka same su ba. Nan fa tura ta kai bango. Suka yi garkuwa da Janar ɗin da ya zo sansanin, sai da ya yi alƙawarin za a biya su daidai sannan suka sake shi. Suka kwana suna rawa da murna. Mutum ɗaya ne bai yarda ba, wato Pays, sojan da azabar Jamusawa ta taɓa wa hankali har ya daina magana, kullum yana sanye da hular kwanon sojan Jamus. Shi ne ya hau hasumiya ya hango tankokin yaƙi na tahowa cikin dare, ya sauko yana ta nuni, aka ɗauka haukarsa ce ta motsa. Kafin gari ya waye, ranar 1 ga Disamba 1944, an yi masu ruwan wuta. Fim ɗin ya ƙare da sababbin kurata suna hawa jirgin ruwa, za su je su yi wa Faransar yaƙi.

ABUBUWAN YABAWA

Babban abin da ya burge ni shi ne yadda aka ɗora dukkan labarin a kan lissafi. Ba a ce mana Bature mugu ne da baki kawai ba, an ba mu ƙididdiga mu yi da kanmu: ka kawo dubu, a ba ka ɗari biyar. Duk wanda ya taɓa kai gyaɗa ko auduga gaban sikeli aka danne masa awo, duk wanda ya taɓa bin layin fansho, duk wanda ya sayi naira da naira a hannun masu POS a farkon 2023, ba ya bukatar a fassara masa wannan fitowa. Cin mutuncin abinci da na kaki sun share fage ne kawai. Darakta ya jera su daki-daki, kowanne ya fi na bayansa zafi, ta yadda lokacin da aka iso maganar canji mai kallo da kansa ya ƙule.

Na biyu shi ne harshe. Sojojin nan kowa da yarensa, don haka suna magana da wani gurɓataccen Faransanci na bariki wanda hafsoshi ke yi wa dariya. Amma da wannan harshen da aka raina suka yi shawara, suka zaɓi wakilai, suka ƙure Janar da hujja. Wannan ya tuna mani da cewa a ɓangaren Ingila Hausa ce harshen bariki, da ita ake ba sojan Nijeriya umarni har cikin dazukan Bama.

Na uku shi ne wasan Sidiki Bakaba, ɗan ƙasar Kwaddibuwa, wanda ya fito a Pays. Fim ya haura awa biyu, mutumin nan bai furta jimla ɗaya cikakkiya ba, amma da an gama kallo shi ne ke tsaya maka a zuciya. Dubi yadda yake shafa wayar sansanin da hannu yana kallon hasumiya. Nan take ka gane abin da yake tunawa. Jarumanmu masu ganin cewa iya wasa shi ne ɗaga murya da zare ido, ya kamata su nemi fim ɗin nan ko don wannan bawan Allah.

Sannan ba a yi wa Turawan kuɗin goro ba. Akwai Kyaftin Raymond, wanda ya tsaya kan a biya sojojin haƙƙinsu har 'yan'uwansa hafsoshi suka juya masa baya. Sembène ya san barikin ciki da waje, domin shi ma ya sa kakin Faransa a wancan yaƙi, shi ya sa bai zana mutane baƙi ƙirin da fari fat ba.

INDA NA GA GYARA

Duk da haka ba a rasa nono a ruga. Fim ɗin yana da jan jiki, musamman a tsakiyarsa. Rigimar Diatta da Amurkawa ta ci lokaci mai yawa, har mai kallo ya kusa manta cewa kuɗi ake jira. Wasu muhawarorin da ke tsakanin Diatta da hafsoshi kuma sun fi kama da lacca, kana ji ka san darakta ne ke magana da bakin ɗan wasa.

Ta fuskar tarihi ma an ɗan ƙara gishiri. Abin da masana suka tabbatar shi ne da safe aka yi kisan, bayan an tara sojojin a fili, aka buɗe masu wuta da manyan bindigogi, ba cikin dare suna barci ba. Haka kuma yawancin fursunonin Afirka a sansanonin da ke cikin Faransa Jamusawa suka tsare su, inda aka riƙa sa su aiki ana ba su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da fim ɗin ya fito da wannan sosai, da mai kallo ya fi gane inda kuɗin suka fito, da kuma girman ƙaryar da aka yi masu. A nawa ganin gaskiyar abin da ya faru ta ma fi ta fim ɗin ciwo: a kira mutum ya fito da rana tsaka yana zaton biyansa za a yi.

Wani abin lura ga mai son bin diddigi shi ne, a 1944 ba a ƙirƙiro sefa ba tukuna, sai a Disamban 1945. Kuɗin da ake ba mutane a Dakar a lokacin irin takardar nan ce ta uku da na gani a Magami. Wato dalar da ta kwana tamanin da wani abu na shekaru a adakar dattijon nan, 'yar'uwar waɗanda aka kashe mutane a kansu ce.

Waɗannan kurakurai ba su rage wa fim ɗin daraja ba. Ya ci kyauta ta musamman ta alƙalai a bikin finafinai na Benis a 1988, amma aka shafe kimanin shekara goma ba a nuna shi a sinimun Faransa ba. Rahotannin sojan Faransa na lokacin sun ce mutum 35 suka mutu, wani ya ce 70, masana tarihi da dama kuma suka ce sun kai ɗaruruwa. Aka kuma gurfanar da 34 daga cikin waɗanda suka tsira a kotun soja a 1945. Sembène ya rasu a 2007 bai ga ƙarshen maganar ba. Sai a 2024 aka nuna gyararren kwafin fim ɗin a bikin Kan, kuma a watan Nuwamban shekarar Shugaba Macron ya amsa a rubuce cewa kisan kiyashi aka yi. Fim bai biya kowa haƙƙinsa ba, amma ya hana a binne maganar tare da gawarwakin.

TO, INA NAMU?

Nan ne inda gizo ke saƙar. Mu ma fa muna da namu mazan jiyan. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Bama, kuma 'yan Arewa na da yawa a cikinsu. Barikin Chindit da ke Zariya da na Kalapanzin da ke Kaduna duk daga wancan yaƙi suka samo sunayensu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ita ta riƙa kawo wa iyayenmu labarin fagen daga, kuma ko sunanta kuɗin zamanin ne. Marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya rubuta littafin Burma Boy a 2007 kan wani yaro mai suna Ali Banana da abokansa masu magana da Hausa. Shi ya yi nasa da Turanci. Mu masu harshen fa?

Ba a daɗe ba na kalli wani fim na Hausa, ba zan kama suna ba, wanda aka ce labarin zamanin Razdan da Di'o ne. An yi ƙoƙari wajen rawuna da dawaki. Sai ga mai unguwa ya zo karɓar haraji yana cewa kowane magidanci zai biya "naira hamsin". Naira fa, wadda ba a haife ta ba sai ranar 1 ga Janairu 1973! Da aka zo biyan sadaki kuma, waliyyi ya zura hannu a aljihu, sai ga gefen 'yar ɗari biyar mai hoton Azikiwe ta leƙo, takardar da ta fito a 2001. Yaran da muke kallo tare suka fashe da dariya. Daga nan duk kukan da jaruma ta yi babu wanda ya taya ta, domin an riga an tashe mu daga mafarkin.

Na san amsar da furodusoshi za su ba ni: babu jari, kasuwa ta mutu, 'yan kallo soyayya da waƙa suke so, wa zai tsaya duba kuɗin da ke hannun ɗan wasa? Maganar jari gaskiya ce, ban musa ba. To amma wannan gyara ba ya cin ko kuɗin man janareta na yini guda. Tambaya kawai yake bukata. Duk tsohon da ya haura saba'in zai karanta maka a zaune: anini goma kwabo, dari rabin kwabo, taro kwabo uku, sisi kwabo shida, nai kwabo tara, kwabo goma sha biyu sule, sule biyu fataka, sule ashirin fam, fam ɗari jaka. Shi ya sa da aka yi canjin 1973, fam guda ya koma naira biyu, jaka ta zama naira ɗari biyu. In labarinka ya tsallaka Maradi ko Damagaram, sai ka koma lissafin dala da jika. Marubucin da ya sa waɗannan kalmomi a bakin 'yan wasansa ya riga ya mai da mu shekara tamanin baya tun kafin mai kwalliya ya naɗa rawani ɗaya.

Kuma ba a ce ba mu taɓa iyawa ba. Wanda ya kalli Shaihu Umar na marigayi Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya san an taɓa yin fim da Hausa inda aka girmama zamanin da ake ba da labarinsa. Fitowar Mai Martaba a 2024, har Nijeriya ta tura shi gasar Oscar, ta nuna sha'awar finafinan sarauta da na da tana dawowa. Tunda za a yi, a yi da kyau.

Marubutan littattafanmu ma ba su tsira ba. A mafi yawan labaran da muke karantawa, kuɗi ba su da wani aiki sai Alhaji ya zaro rafar 'yan dubu-dubu ya ajiye wa budurwa a kan kujera. Ba a gaya mana yadda aka same su, balle abin da suka ci. Alhali ga labarai nan kwance babu mai ɗauka. Ga manomin da aka biya da takarda bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da azurfa ta yi ƙaranci, mutane suka ƙi amincewa da ita saboda gara da gobara da ruwan sama, har ana karɓarta ƙasa da ƙimarta a kasuwa. Ga zuwan jirgin ƙasa Gusau da Ƙauran Namoda, da yadda kuɗin gyaɗa da auduga suka sauya aure da zumunci daga Tsafe har Bunguɗu. Ga sojan da ya dawo daga Bama da damin rufin Japan, danginsa na zaton arziki ya zo, har an fara yi masa tayin 'yan mata. Ga canjin kuɗi na watan Afrilun 1984, da aka rufe iyakoki aka ba mutane 'yan kwanaki, attajiran ƙauye suka fito da abin da suka binne a tulu. Wanne ne a cikin waɗannan ba zai ɗauki soyayya da ban dariya da hawaye ba, har da waƙar in an matsa?

GA MASU ADAKA A GIDA

Bari in koma kan tambayar Baba, domin na san ba shi kaɗai ne ke da irin wannan ajiya ba. An daɗe ana yaɗa jita-jitar cewa kwabo mai huji, ko tsohon keken ɗinki, ko dutsen guga mai zakara, na ɗauke da wani sinadari da ake saye da miliyoyi. Wannan zance ne na 'yan damfara. Abin da ke akwai shi ne masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi, kuma sana'a ce babba a duniya, da ƙungiyoyinta da kundayen da ke jera kowace takarda da lambarta. Abu biyu suke dubawa: ƙarancin takarda da kuma lafiyarta. Rufin Japan da fam ɗin Biyafara an buga su da yawa ainun, don haka ba su da tsada. Waɗanda ake nema ruwa a jallo su ne irin takardun gaggawa da gwamnatin Nijeriya ta buga a 1918, da na farko-farkon Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, musamman waɗanda ba su sha hannu ba.

Saboda haka in kana da su, kada ka wanke, kada ka goge da dutsen guga, kada ka liƙe yagewa da salatif, kada kuma ka kai a manne su cikin roba irin ta katin shaida, domin duk wannan kashe su yake yi. A shimfiɗa su tsakanin farar takarda mai tsabta, a nisanta su da laima da rana da gara. Mafi muhimmanci, a zauna da tsofaffi a rubuta wanda ya kawo kowace takarda, daga ina, a wace shekara. Takardar da aka raba da labarinta ta zama marainiya. Su kuma masu shirya fim, ba sai sun saya ba: a nemi izini a ɗauki hotonta gaba da baya, a buga kwafi don aiki. Wanda ya je Abuja yana iya neman ganin gidan adana tsofaffin kuɗi na Babban Banki, na kusa kuma ga Gidan Makama a Kano da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato don neman bayanin zamanin.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne lokaci. Waɗanda suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu ma sun manyanta. Ga ƙauyukanmu ana ta watsewa, kuma mai gudun tsira da rai buhun hatsi zai ɗauka, ba tsohuwar adaka ba. In ba mu tattara yanzu ba, nan gaba sai dai mu je intanet mu sayi hoton abin da kakanninmu suka ajiye a ƙarƙashin gado.

Na gaya wa Baba gaskiya cewa ko ya sayar, abin da za a ba shi ba zai kai shi ko'ina ba. Ya yi shiru, ya mai da takardun cikin littafin sallamar ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To, a bar su. Tsohona bai bar muna gona babba ba, wanga shi na gadonmu." Adakar tana Gusau yanzu, a ɗakin babban jikansa, kuma mun yi alƙawarin zan koma da rikoda in ɗauki labarin daga bakinsa. Duk furodusa ko marubucin da ke da niyyar yin aiki na gaskiya a kan mazan jiya, ya tuntuɓe ni ta hannun edita, zan yi masa jagora in dai mai adakar ya amince.

Wanda ya samu Camp de Thiaroye kuma ya daure ya kalla har ƙarshe, ko da ba ya jin Faransanci. Lissafin da ke ciki kowa na jinsa.

Allah ya jiƙan mazan jiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in mai duka ya kai mu.